ZAUREN 'YAN MATA: Hannun Baba Da Injin Aski

  Wasiƙunku sun iso, har da na masu ƙorafin wai Yaya ta daina amsa tambayar soyayya da wuri. Ku yi haƙuri, kowa za a zo kansa in Allah ya yarda.

A wannan watan zan ajiye zancen samari a gefe, domin wata ƙanwata 'yar aji biyar daga Gwaram ta aiko da tambayar da ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ta ce mahaifinta yana jinya, hannunsa ba ƙarfi, ba ya iya gyara fuskarsa, sun tara 'yan kuɗi ita da wanta suna so su saya masa injin aski, amma ba su san wanne ya dace ba. Har ta ƙara da cewa, "Yaya kada ki yi mini dariya, na san wannan ba tambayar mata ba ce."

Wallahi ƙanwata ban yi dariya ba, hawaye ma na share. Abin da ya same ku ya same mu, kuma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka sauran ma ku matso ku saurara.

Mu 'yan Yalwan Damai ne, a ƙaramar hukumar Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, ko da yake aure ya kawo ni Kano. Babanmu manomi ne, yana kuma taɓa cinikin hatsi da riɗi. Mutum ne mai tsafta har a yi magana. Tun ina ƙarama na san duk safiyar Juma'a Baba Wanzami zai yi sallama da zabirarsa a rataye, a shimfiɗa tabarma a zaure, ya wasa aska, ya jiƙa kan Baba da ruwa da sabulu, ya yi masa ƙwal-kwabo, ya gyara saje, ya rage gashin baki, ya bar gemu. Daga nan Baba zai yi wanka, ya sa farar riga, ya kafa hula, ya fesa turare, sai masallaci. Mu kuwa muna leƙe ta bayan zana muna jin babu uban da ya kai namu kyau.

Cikin daminar 2023, wata asuba, Inna ta ga buta ta suɓuce daga hannun Baba, bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita sosai. Wasu suka ce shafar iska ce a kawo hayaƙi, amma Allah ya sa Kawu ya tsaya kai da fata sai asibiti. Aka nufi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce wadda hawan jini ya jawo. A nan zan ɗan tsaya in ja hankalinku: duk ranar da kuka ga bakin babba ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko harshe ya yi nauyi, kada a tsaya jiran gari ya waye, a nemi mota. Jinkiri ne yake ƙara ɓarna.

Allah ya yi da sauran kwana. Baba ya dawo gida, magana ta dawo a hankali, ƙafa ta fara takawa da sanda. Amma hannun dama, hannun da ya riƙe garma shekara arba'in, ya zama ko kofin shayi ba ya iya ɗagawa sai ya zube. Hagun kuma bai saba da aiki ba, ga rawa.

Juma'ar farko bayan sallamarsa Baba Wanzami ya zo kamar kullum. To shi ma tsufa ya kama shi, fuskar Baba kuma ɓari ɗaya ya saki, ba ta tsayawa yadda aka saba. Aska ta ɗan taɓa ƙarƙashin muƙamuƙi. Ɗan yanka ne wanda da can da an danna da yatsa shi ke nan, amma sai jini ya ƙi tsayawa, ya jiƙa hankici, ya ɓata wuyan riga. Ashe cikin magungunan da aka ba shi akwai na tsinka jini, wanda yake hana jini gudaji a jijiya, kuma mai shan irin wannan magani in ya yanke jininsa yakan daɗe bai tsaya ba. Dattijon nan ya naɗe zabirarsa jiki a sanyaye, yana ta ba da haƙuri. Baba ya ce ba komai. Amma daga ranar ya ce kada a sake kiran wanzami.

Ƙannena, wata uku cur Baba bai yi aski ba. Suma ta taru, furfura ta fito fili, ƙasumba ta haɗe da gemu, gashin baki ya rufe leɓe har in ya sha koko sai ya maƙale a jiki. Masu dubiya in sun zo sai ya ce a ce yana barci. Ƙafarsa tana iya kai shi masallaci, amma ya ƙi fita. Mu kuma duk mata ne a gidan, ɗan'uwanmu namiji ɗaya yana can kudu wajen neman kuɗi. Da na ce, "Baba ku bari in rage muku da almakashi," sai ya dube ni ya ce, "Uwata, har na kai nan?" Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa gare ni. Na rasa bakin magana, na fita na yi kukana a madafa.

Inna ce ta ja ni gefe ta faɗa mini abin da ya fi ci masa rai. Kun san dai a Islamiyya an koya mana cewa rage gashin baki, da yanke farce, da tsaftace hamata da sauran wuraren da kuka sani, ba a so su wuce kwana arba'in. To Baba lissafin kwanakin yake yi, ya ga ya ninka arba'in, ga shi mutum mai kunya da ba ya son a yi masa irin wannan hidima. Ga kuma maganar auren Autarmu ta taso, manyan saurayinta suna so su zo gaisuwa. Baba ya ce Kawu ya karɓe su, shi ba zai fito ba. Auta ta kwana tana kuka.

Ranar da muka koma asibiti wajen masu gashin ƙashi, na yi ƙarfin hali na kawo maganar. Malamin da yake motsa masa hannu ya ce, "Hajiya, ku nema masa injin aski na lantarki, ku bar shi ya riƙa yi da kansa. Ba ya yanka kamar reza, kuma riƙewar ma motsa hannu ce."

Ina komawa Kano na ɗauki kuɗin adashina na shiga wani kanti na ce a ba ni injin aski mai kyau. Mai kantin ya ɗauko mini ƙatuwar kilifa irin ta shagon aski, mai doguwar waya, ya ce, "Wannan Hajiya ko jikokinki sai sun gaje ta." Ban tambayi komai ba, na biya na taho ina murna.

Kash! Da na kai gida sai da muka kwana biyu kafin a kawo wuta. Da aka kawo, Baba ya kasa tura makunnin da babban yatsa, sai ni na kunna masa. Yana karɓa abin ya ɗauki kaɗawa yana gurnani a tafin hannunsa, wayar ta naɗe masa a gwiwar hannu, kafin ya kai kumatu ta suɓuce ta faɗi a daɓe, haƙori biyu suka karye. Baba ya juya fuska bango ya ce, "Uwata, Allah ya yi miki albarka, ki mayar wa mai shi." Ranar na gane laifina ne. Na sayi injin da ya dace da hannun mai shagon aski, na manta hannun da zai riƙe shi.

Sai na zauna na yi tambaya, na yi karatu, ga kuma abin da na samo. Shi injin askin fuska na lantarki wani Ba'amurke ne mai suna Jacob Schick ya fara fito da shi kasuwa a 1931. A 1939 kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da nasa mai wuƙa mai juyawa, sannan a 1950 kamfanin Braun na Jamus ya fito da nasa mai raga. Har yau waɗannan iri biyun ne a kasuwa, sai kuma kilifa ta zama ta uku.

Kilifa haƙora ne jere biyu, ɗaya yana gogar ɗaya kamar almakashi. Ita ce mai cin doguwar suma, amma ba ta share gashi ƙal, takan bar ɗan tsiro. Akwai manya na shago, akwai ƙanana masu caji marasa nauyi, masu zuwa da 'yan mataji na roba da ake maƙalawa a baki don a rage gashi daidai tsawon da ake so.

Mai raga kuwa bakinsa a miƙe yake, an lulluɓe wuƙaƙen da siririn ƙarfe mai ƙananan huji. Gashi ya shiga hujin, wuƙa ta datse shi daga ciki. Yana sharewa sosai, amma yana so a riƙe shi a tsaye a kan fata, a ja shi sama da ƙasa a miƙe, a kuma ja fatar da ɗaya hannun. Wannan aikin mai hannu biyu lafiyayyu ne.

Mai kawuna uku shi ne wanda za ku ga da'ira uku a bakinsa kamar duwatsun murhu. Kowace da'ira da wuƙarta tana juyawa a ƙarƙashin murfi, kawunan kuma suna lanƙwasawa su bi haɓa da muƙamuƙi da kansu. Mai aski ɗora shi kawai zai yi ya riƙa zagayawa a hankali. Yawanci bai kai sauran ƙara da kaɗawa ba. Shi ne ya fi yafe wa hannu mai rawa.

Amma ku riƙe wannan: mai raga da mai kawuna uku duk ba sa cin dogon gashi. Tsiron kwana biyu ko uku suke ci. In gashi ya yi wata uku irin na Baba, fizgarsa za su yi, dole sai an fara rage shi da kilifa.

Da na koma saye karo na biyu, Kasuwar Sabon Gari na shiga, kuma da dabara na je. Na ɓoye hannuna na dama cikin hijabi, na ce duk injin da aka miƙo da hagu zan karɓa, kuma da yatsu uku. Yaran shagon suna ta murmushi, ni kuwa ko a jikina. Ga abubuwan da na duba, ke ma ƙanwata ta Gwaram ki rubuta su a takarda ki ba wanki.

Na farko nauyi. Ki ɗauki gwangwanin madarar ruwa ƙarami ki ji nauyinsa a hannu, to injin kada ya wuce nan da yawa. Mara lafiya zai ɗaga shi sama da kafaɗa na tsawon mintuna, abin da yake wasa a wurinki shi dutse ne a wurinsa.

Na biyu makunni. Ki guji wanda ake turawa da ƙarfin babban yatsa. Ki nemi mai maɓalli babba mai taushi, wanda ko da gefen hannu ko da haɓa aka danna zai kama. Wasu suna da makulli na tafiya, wanda in aka daɗe ana danna maɓallin sai injin ya kulle kansa. Ki sa mai shago ya nuna miki yadda ake buɗewa, don kada a zaci lalacewa ya yi.

Na uku mariƙi. Mai sulɓi mai ƙyalli yana da kyau a ido, amma hannu mai gumi ba ya riƙe shi. Mai roba a jiki, mai ɗan kauri, shi ya fi, domin raunannen hannu ya fi iya damƙar abu mai kauri a kan siriri.

Na huɗu wuta. Mu na karkara mun san halin da ake ciki, saboda haka mai caji za a saya, mara waya. In an samu mai caji da irin wayar cajin salula ya fi, don ko da fawa banki ko sola za a cika shi. Masu kyau cajin kamar awa ɗaya yakan ba da aiki na minti 40 zuwa 60, wato askin fuska da yawa ke nan. Ki kuma karanta jikin cajar. Wutar Nijeriya bolt 220 zuwa 240 ce, ta Amurka kuwa 110 zuwa 120. In kin ga an rubuta 100 zuwa 240 to lafiya lau. In 110 ko 120 kawai aka rubuta, kamar yadda ake gani a wasu kayan gwanjo, kina jonawa zai ƙone.

Na biyar wanki. Ki ce a buɗe miki kan injin a gabanki. In sai an murɗe da ƙarfi ko an ɓanɓare da farce, ki ajiye. Wanda ake danna ɗan maɓalli ya buɗe, a ɗauraye da ruwa, shi ake so. Ki tambaya kuma ko ana samun kawunan canji, domin wuƙa takan dakushe. Philips suna cewa a canza kawunan nasu duk shekara 2, Braun kuma duk wata 18. Dakusasshen inji fizga yake yi, ya sa mutum ya riƙa dannawa da ƙarfi har fata ta yi ja.

Na shida, kada ku sayi ɗan gwanjo, kada kuma a yi aro ko a ba da aro. Ciwon hanta yana yaɗuwa ta kayan aski in jini ya taɓa, mai jinya kuwa ba ya buƙatar ƙarin wata cuta. In yana da ciwon suga ma sai a ƙara kula, don ciwo ba ya saurin warke masa.

Ni dai biyu na saya, ƙaramar kilifa mai caji da kuma mai kawuna uku. Amma in kuɗin ɗaya ne gare ku, ku ɗauki ƙaramar kilifar. Za ta rage gashin baki, ta gyara saje, ta yi kai, kuma da mataji a bakinta mutum zai iya tsaftace sauran wuraren da kansa. Ƙarin alherinta shi ne, gashin mutanenmu mai naɗewa ne, in aka share shi ƙal yakan koma ya soki fata ya kawo ƙurajen aski. Ɗan tsiron da kilifa take bari yana rage wannan.

To a nan ne saurayin Auta ya shigo labarin. Yaron yana da ɗan shagon cajin waya da sola. Da ya ji abin da ake ciki, sai ya aiko ƙanensa ya karɓi injinan. Ya yanko robar tsohon tub ɗin keke ya naɗe mariƙin har ya yi kauri, ya kai wa baduku ya ɗinka madaurin fata wanda ake zura tafin hannu a ciki, ta yadda ko yatsu sun saki injin ba zai faɗi ba. Ya dawo da su cike da caji, ya ce duk Alhamis a aiko a ƙara, kuma kada a faɗa wa Baba shi ne ya yi. 'Yan mata, ku da kuke tambayata yadda ake gane mai so na gaskiya, ga amsa ɗaya nan. Ba a wasiƙa mai zanen fure kaɗai ake ganewa ba, ku dubi yadda yake ɗaukar lalurar iyayenku.

Saura shawo kan Baba. Ya ce shi da hagu ba zai gyara fuskar da zai kai masallaci ba. Kawu ya ce masa, "Yaya, lalura ce, kuma Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba." Da safiyar Alhamis muka zaunar da shi a kujera, muka sa tebur a gabansa, muka jingina madubi da buhu, muka sa matashi ƙarƙashin gwiwar hannunsa don kada hannun ya yi ta lilo a iska. Inna ta zura masa madaurin. Na ce, "Baba ga shi nan, mu mun fita." Muka saki labule muka tsaya a tsakar gida.

Shiru, shiru, har na fara cewa a raina yau ma an yi asara. Can sai muka ji ƙugin injin a hankali. Ya tsaya, ya sake tashi, ya tsaya. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, wallahi wannan rabin awar ta fi mini wata ukun nan tsawo. Daga ƙarshe muka ji muryarsa, "Uwata, kawo mini hulata."

Askin bai yi daidai ba, sajen dama ya fi na hagu tsawo, akwai inda ya tsallake a ƙarƙashin haɓa. Babu wanda ya ce uffan. Daga baya muka lura ɓarin da ya shanye ba ya jin taɓi sosai, saboda haka Inna takan duba masa wurin bayan ya gama, ko ya danna da yawa ko injin ya yi zafi bai ji ba. Ke ma ki kula da wannan. Ƙeya kuwa hannunsa ba ya kaiwa, sai Baba da kansa ya ce a kira masa abokinsa. Yanzu duk Juma'a Baba Wanzami yana zuwa, ya ajiye aska a zabira, ya yi masa kai da kilifarmu, su sha hirarsu. Fuska kuwa Baba ya ce wannan tasa ce. Bayan kowane aski Auta takan kaɗe gashin da ɗan burushi, ta goge haƙoran kilifar da sifirit, ta ɗiga musu man keken ɗinki.

Washegari Baba ya dogara sandarsa ya tafi Juma'a. Mako biyu bayan nan manyan yaron suka zo, shi ya karɓe su a zaure da farar rigarsa, Auta tana ɗaki tana ta share hawayen daɗi.

Saboda haka ƙanwata ta Gwaram, tambayarki ta mata ce ƙwarai, don mu ne a gida, mu muke ganin abin da maza ba sa faɗa. Jinya ba ta tsaya ga magani da kunu ba. Duk abin da mahaifi ko mahaifiya za su iya yi da kansu, ko da a hankali ne, ko da a karkace ne, ku sauƙaƙa musu hanya ku ja da baya ku bar su su yi. Kafin ku saya ku faɗa wa likitansa, ku kuma je kasuwa da hagu kamar yadda na yi. Ki rubuto mini ki faɗa mini yadda aka ƙare, ina jira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya ba mu ikon yi wa iyayenmu biyayya, ya sa mu gama da su lafiya. A wata mai zuwa in Allah ya kai mu, zan amsa wasiƙar wadda ta ce saurayinta ya daina zuwa zance tun da ta ce sai ta gama sakandare.

Taku har kullum,
Yayarku ta Zauren 'Yan Mata.